Nikola Tesla: Mutumin da ya ƙara wa wutar lantarki sauri, ya mutu hannu rabbana a ɗakin otal

Duk wanda ya daɗe yana leƙa rumfar masu walda a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya ga sauyin da aka samu cikin ƴan shekarun nan. Tsohon injin walda sai an sami ƙarti biyu ko baro kafin a gusa da shi. Na yanzu kuwa yaron shago yakan rataya shi a kafaɗa ya hau tsani da shi. Dukansu wutar Nigelec ɗaya suke sha, kuma ƙarfe ɗaya suke narkarwa. Bambancin yana cikin abin da ido ba ya gani, wato saurin kai-komon wutar. Wadda ke shigowa gidajenmu sau 50 take zuwa ta dawo a cikin sakan guda. Sabon injin yana karɓar ta, ya mayar da ita mai kai-komo sau dubbai a sakan, sannan ya yi aiki da ita.

Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka duƙufa kan wannan al'amari shi ne Nikola Tesla, injiniyan da aka haifa a Turai, ya yi suna a Amurka, ya kuma mutu a 1943. Hannunsa na cikin tsarin wutar da ke zuwa gidajenmu, yana kuma cikin dabarar ƙara mata sauri. Sai dai labarinsa ya cakuɗe da almara a shafukan sada zumunta, har ya zama dole a tsame tsaki daga tsakuwa.

Ɗan limamin coci

An haifi Nikola Tesla ranar 10 ga watan Yulin 1856 a ƙauyen Smiljan, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya, yau kuma yana cikin ƙasar Kuroshiya. Iyayensa Sabiyawa ne. Mahaifinsa, Milutin, limamin cocin Orthodox ne. Mahaifiyarsa, Djuka, ba ta yi karatun boko ba, amma an san ta da ƙera ƙananan kayan aikin gida da hannunta, da kuma haddace dogayen waƙoƙin gargajiya na mutanenta. Tesla ya sha danganta basirarsa da kaifin haddarsa gare ta.

Su biyar ne a ɗakinsu, maza biyu da mata uku. Wansa Dane ya mutu a wani haɗari na doki tun Nikola yana ƙaramin yaro, sai burin gidan ya koma kansa. Uban yana son ya gaje shi a aikin coci, shi kuwa hankalinsa na wajen lissafi da injuna.

Ciwo ne ya raba gardamar. A 1873, bayan ya gama sakandare a garin Karlovac ya dawo gida, kwalara ta kwantar da shi har tsawon wata tara, aka yi ta fid da rai. A kan wannan shimfiɗa ce uban ya yi masa alkawarin cewa in ya tashi zai tura shi makarantar koyon aikin injiniya. Ya tashi, kuma a 1875 ya shiga babbar makarantar fasaha ta birnin Graz da ke Ostiriya.

Tartsatsin da ya hana shi barci

A Graz ne wani malaminsa mai suna Jakob Pöschl ya nuna wa ɗalibai wani dinamo samfurin Gramme, wanda za a iya sa shi ya ba da wuta, ko a ba shi wuta ya juya kamar moter. Injin yana ta zubar da tartsatsi a wurin da gawayinsa ke gogar ƙarfen da ke juyawa. Masu gyaran injin niƙa da na huda ƙarfe sun san wannan gawayi, sun kuma san yadda yake cinyewa. Tesla ya kawo shawarar cewa ana iya yin moter da ba ya bukatar wannan goge-goge. Malamin bai ga alamar hakan zai yiwu ba. Ɗalibin kuwa ya riƙe tambayar a ransa shekara da shekaru.

Karatun bai ƙare lafiya ba. Ya fara da ƙwazo, daga baya ya faɗa caca, ya bar Graz a 1878 ba tare da takardar shaida ba. Mahaifinsa ya mutu a 1879. Ya ɗan saurari darussa a jami'ar Prag a 1880, sannan a 1881 ya sami aiki a Budapest, inda ake kafa cibiyar wayar tarho.

A cewarsa, a wani lambu na Budapest ne amsar ta faɗo masa a 1882. Dabarar kuwa ita ce: maimakon a tura wuta guda cikin moter, a tura biyu ko uku masu kai-komo, kowace na ɗan bin bayan ƴar'uwarta, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya, wannan na ɗaga taɓarya waccan na saukewa. Idan aka bi da su ta naɗe-naɗen wayar da ke kewaye da cikin moter, ƙarfin maganaɗisun da suke haifarwa sai ya riƙa zagayawa da kansa, ya ja ƙarfen tsakiya ya bi shi. Babu gawayi, babu tartsatsi. Irin wannan moter ne ke cikin famfunan ruwa, injunan niƙa na lantarki da masana'antu a yau.

Wata shida a wajen Edison

Daga Budapest ya wuce Faris a 1882, ya yi aiki da reshen kamfanin Thomas Edison na Turai. A watan Yunin 1884 ya sauka birnin Niyok, ya kama aiki a masana'antar Edison ɗin kansa.

A nan ya kamata a fahimci rigimar zamanin. Wutar lantarki iri biyu ce. Akwai mai miƙewa, wadda ke tafiya ta fuska ɗaya kamar ta batir, ita ake taƙaitawa da DC. Akwai mai kai-komo, wadda ke juya fuska sau da yawa a sakan, ita ce AC. Edison ya gina kasuwancinsa kan mai miƙewa. Tasharsa ta titin Pearl a Niyok, wadda ta fara aiki a 1882, tana ba da volt 110, kuma ba ta iya kai wuta nesa da kilomita ɗaya zuwa biyu ba tare da ta zurare a hanya ba.

Dalilin kuwa shi ne waya na cin wani kaso na wutar da ke bi ta cikinta, ta mayar da shi zafi. Maganin shi ne a ɗaga volt: in aka ninka shi sau 10, asarar da ake yi a waya ɗaya kan ragu sau 100. Na'urar da ke ɗaga volt ta kuma sauke shi ita ce transfo, kuma transfo ba ya aiki sai da wuta mai kai-komo. Wannan ne ya sa gaba ta kasance ta AC.

Tesla bai wuce kamar wata shida a wajen Edison ba. Ya tafi ne bayan saɓani kan ladan aiki. Labarin da ake yaɗawa cewa an yi masa alkawarin dalar Amurka 50,000 aka hana shi, daga bakin Tesla ɗin ya fito.

Abin da ya biyo baya ya fi ɗaci. Wasu ƴan kasuwa biyu sun kafa kamfanin fitilun titi da sunansa a garin Rahway. Da fitilun suka kama aiki, sai suka ware suka bar shi, takardun mallakar ƙirƙirarsa kuma suka tafi tare da kamfanin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A lokacin sanyin 1886 zuwa 1887, mutumin da ke ɗauke da sabon moter a kansa yana haƙar ramuka ne a kan dalar Amurka 2 a yini.

Westinghouse da ruwan Niagara

A watan Afrilun 1887 wasu mutum biyu, Alfred Brown da Charles Peck, suka zuba kuɗi aka buɗe masa ɗakin gwaji a titin Liberty. Cikin shekara guda ya ƙera moter ɗin, ya sami takardun mallaka a watan Mayun 1888, ya kuma gabatar da shi gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka ranar 16 ga watan. Adalci ne a ambaci cewa wani masani ɗan Italiya, Galileo Ferraris, shi ma ya gano wannan dabara a Turin ba tare da sun haɗu ba, ya kuma wallafa nasa binciken a shekarar.

George Westinghouse, wanda ya riga ya fara sayar da wutar AC amma ba shi da moter mai kyau, ya ɗauki lasisin ƙirƙirar a watan Yulin 1888. Yarjejeniyar ta ƙunshi dalar Amurka 60,000 tsakanin kuɗi da hannun jari, da kuma dala 2 da rabi a kan kowane ƙarfin doki na moter da aka sayar. Tesla ya koma Pittsburgh na shekara guda.

A can ne batun saurin kai-komo ya fara zame masa aikin yau da kullum. Layukan Westinghouse na aiki ne da kai-komo 133 a sakan, shi kuwa moter ɗinsa ya fi dacewa da 60. An sha gardama da injiniyoyin kamfanin, daga ƙarshe 60 ɗin ce ta zauna a Amurka. Turai ta tsaya a kan 50, kuma ta wannan hanya ce Nijar da maƙwabtanta suka gaji 50. Ma'aunin wannan sauri shi ake kira hertz, sunan masanin nan na Jamus Heinrich Hertz.

Gasar da ke tsakanin kamfanonin ta yi muni. Ɓangaren Edison ya yi ta nuna wa jama'a cewa AC makashiya ce, har ta kai kujerar kisa ta lantarki da aka fara amfani da ita a jihar Niyok a watan Agustan 1890 da injin Westinghouse aka kunna ta. Duk da haka lissafi ya rinjayi farfaganda. A 1891 injiniyoyin Jamus da Suwizalan, cikinsu har da Mikhail Dolivo-Dobrovolsky, suka kai wutar AC mai layi uku daga Lauffen zuwa Frankfurt, tafiyar kilomita 175. A 1893 Westinghouse ya haskaka babban baje kolin duniya na Shikago. A shekarar ce kuma ya sami kwangilar ƙera injunan tashar ruwa ta Niagara bisa tsarin Tesla, kowane mai ƙarfin doki 5,000, kuma a watan Nuwamban 1896 wutar ta isa birnin Buffalo, nisan fiye da kilomita 30.

Wannan tsari ne ke aiki a layin volt 132,000 da ya taso daga Najeriya ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, da kuma wanda ya biyo ta Katsina ya shigo Gazawa ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. A ɗaga volt a tasha, a yi tafiya mai nisa, a sauke shi a transfon unguwa.

Tesla bai ci moriyar nasarar yadda ta kamata ba. A 1891, da kamfanin Westinghouse ya shiga matsin kuɗi, ya amince aka soke kason da yake samu a kan kowane moter. A 1897 kamfanin ya sayi takardun gaba ɗaya a kan dalar Amurka 216,000.

Daga 60 zuwa dubbai

Tun kafin a gama wannan rigima hankalinsa ya riga ya yi gaba. A 1889 ya je baje kolin Faris, inda ya ƙara sanin gwaje-gwajen Hertz kan igiyoyin da ke tafiya cikin iska ba tare da waya ba. Ya dawo da tambaya: me wuta za ta yi idan aka ninka saurin kai-komonta sau ɗari ko sau dubu?

Matsalar farko da ya tunkara ƙarama ce. Fitilun titi na zamanin, masu haske ta hanyar tartsatsi tsakanin gawayi biyu, suna gunji mai damun kunne idan aka ba su AC, domin tartsatsin na bin bugun wutar. Tesla ya ga cewa idan bugun ya yi sauri sosai, ƙarar za ta fita daga abin da ke damun kunne. Sai ya ƙera janareto na musamman. Janareto na yau da kullum haƙoran maganaɗisu kaɗan gare shi. Ɗaya daga cikin nasa yana da 384 jere a jikin zobe, yana ba da kai-komo dubbai a sakan. Ya sami takardar mallakar wannan dabara a watan Maris na 1891.

Amma ƙarfe mai juyawa yana da iyaka, in aka matsa masa sai ya tarwatse. Don haka ya nemi hanyar da babu abin da ke juyawa. Abin da ya fito da shi a 1891 shi ne na'urar da har yau ake kira da sunansa, naɗin Tesla. Ga yadda take aiki. Transfo na ɗaga wutar gari zuwa volt dubbai, ya cika ma'ajiyar caji, wadda masu gyaran rediyo ke kira kondansater. Idan ta cika, sai wutar ta tsallake wani ɗan giɓi da tartsatsi, ta faɗa cikin naɗin waya mai kauri. Daga nan cajin ya riƙa lilo tsakanin ma'ajiyar da naɗin, sau dubu ɗaruruwa a sakan. A tsakiya akwai naɗi na biyu, na siririyar waya mai zagaye da yawa, wanda aka daidaita shi da saurin na farko. Kamar yadda yaro ke tura lilo kaɗan-kaɗan a daidai lokacin da ya dace har ya yi sama, haka volt ke hauhawa a naɗi na biyu har ya kai dubu ɗaruruwa.

Ranar 20 ga watan Mayun 1891 ya nuna wannan aiki a kwalejin Columbia da ke Niyok, a farkon 1892 kuma a Landan da Faris. Yakan riƙe dogon gilashin da aka zuƙe wa iska ya kama haske a hannunsa ba tare da waya ba. Yakan bar wutar ta ratsa jikinsa. Manyan masana na zaune suna kallo. A watan Yulin 1891 ya zama ɗan ƙasar Amurka, yana da shekara 35.

Abin da ya iso teburin mai gyara

Tesla bai ƙera injin walda na zamani ko cajar salula ba. Transisto, wanda shi ne zuciyarsu, sai a 1947 aka ƙirƙiro shi, shekara huɗu bayan mutuwarsa. Abin da ya bari shi ne fahimtar cewa saurin kai-komo abu ne da ake iya sarrafawa, kuma duk wanda ya sarrafa shi ya sami iko a kan girman na'ura da saurinta.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Transfo na ɗebo ƙarfi daga naɗi ɗaya zuwa ɗaya a kowane kai-komo, kamar mai jan ruwa da guga. In sau 50 kawai za a jefa gugan a sakan, dole ya zama babba, shi ya sa tsohon injin walda ke cike da ƙarfe da jan ƙarfe. In kuwa sau 50,000 za a jefa, ɗan ƙaramin guga ya isa.

Sabon injin yana bin matakai uku. Da farko diyod na miƙar da wutar gari ta volt 220, a tara ta cikin kondansater, inda take kaiwa kusan volt 310. Sai transisto su riƙa datsa ta suna saki sau dubu 20 zuwa sama a sakan, saurin da ya wuce jin kunnen ɗan Adam. Daga nan ta shiga ƙaramin transfo wanda cikinsa ba farantan ƙarfe ba ne, wani baƙin haɗi ne mai kama da tangaran da ake kira ferit, domin ƙarfe zalla zafi yake ɗauka a irin wannan sauri. Haka cajar salula take, haka ta kwamfuta, haka yawancin na'urorin da ke mayar da wutar batirin sola ta zama ta gida.

Saurin moter ma daga nan yake. Moter irin na Tesla mai haƙora biyu ba ya wuce juyi 3,000 a minti a kan hertz 50, ko da me aka yi masa. In aka ba wanda aka ƙera don haka hertz 400, yana iya kusantar juyi 24,000. Masu sassaƙa da injin kwamfuta kan yi amfani da wani akwati da ke canza hertz don su rage ko su ƙara saurin moter. Jiragen sama kuma da hertz 400 suke aiki, saboda transfo da moter su yi sauƙin nauyi.

Akwai gargaɗi a nan ga matasan da ke kwaikwayon abin da suka gani a bidiyo. Kondansater ɗin da ke cikin waɗannan na'urori na iya riƙe cajinsa bayan an zare waya daga bango, kuma volt 310 na kisa. Wuta mai saurin gaske ba ta fizgar mutum yadda ta gida ke yi, domin jijiyoyi ba sa iya bin saurinta, amma tana ƙona nama. Ɓangaren farko na naɗin Tesla kuwa, inda transfo ke ɗaga wutar gari, yana iya kashe mutum nan take. Haka kuma ba a ɗaukar moter ko transfon da aka yi don hertz 50 a ɗora masa wani sauri da ka.

Hasumiyar da ta cinye shi

Ranar 13 ga watan Maris na 1895 gobara ta cinye ɗakin gwajinsa na Niyok, da injuna da takardun shekaru. Ya sake kafa wani a titin Houston. A 1898 ya nuna ƙaramin jirgin ruwa da ake sarrafawa daga nesa da igiyar rediyo a dandalin Madison Square Garden, abin da za a iya kira kakan rimot.

Daga nan burinsa ya zarce abin da gwaji ya tabbatar. Ya yi imani cewa ana iya tura wutar lantarki ko'ina a duniya ba tare da waya ba, ta cikin ƙasa da sararin sama. A watan Mayun 1899 ya tafi Colorado Springs, wuri mai tudu da yawan tsawa, ya gina naɗi mafi girma da ya taɓa yi, mai fitar da tartsatsi na mitoci da dama. Ya dawo a farkon 1900 da yaƙinin cewa ya gano hanya.

A 1901 attajirin banki J. P. Morgan ya ba shi dalar Amurka 150,000 don ya gina tashar aika saƙo zuwa ƙetaren tekun Atlantika. Aka fara hasumiyar Wardenclyffe a tsibirin Long Island, mai tsawon mita 57. Tesla ya faɗaɗa shirin don ya haɗa da tura wuta, kuɗi suka ƙare. A watan Disamban 1901 kuma Guglielmo Marconi ya tsallakar da saƙon rediyo daga Ingila zuwa Newfoundland da kayan da ba su kai nasa tsada ba. Morgan ya ƙi ƙara ko sisi duk da wasiƙun roƙon da Tesla ya yi ta aika masa. Zuwa 1906 aiki ya tsaya. Filin ya tafi a bashin otal ɗin Waldorf-Astoria inda yake zaune, aka rushe hasumiyar a 1917. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Masu yaɗa cewa attajirai ne suka binne wutar kyauta suna tsallake abu biyu. Na farko, hasumiyar ba ta ƙirƙirar wuta. Janareto mai cin gawayi aka tanada don ciyar da ita. Na biyu, ƙarfin da aka saki cikin sarari bazuwa yake yi ta kowace fuska, abin da ke isa nesa kaɗan ne ƙwarai. Wannan kaɗan ɗin ya isa ɗaukar murya, shi ya sa rediyo ke aiki, amma bai isa juya injin niƙa ba. Inda dabarar ta yi amfani shi ne a kusa-kusa, kamar faifan da ake ɗora salula a kai ta yi caji. Duk bidiyon da ya nuna akwatin da ke ba da wuta har abada ba mai, ba rana, ba batir, ya kuma jingina shi ga Tesla, damfara ce.

Ɗaki mai lamba 3327

Sauran rayuwarsa a otal-otal na Niyok ya yi ta, yana barin wani ya koma wani da bashi a bayansa. Bai taɓa aure ba. Abokan hirarsa na kullum tantabaru ne, yana ciyar da su a dandali, yana kai marasa lafiyarsu ɗakinsa. A 1917 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta ba shi lambar yabonta mafi girma, wadda ke ɗauke da sunan Edison. A 1931 mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta don cikarsa shekara 75. A tarukan manema labarai na ranar haihuwarsa yakan yi shelar sababbin ƙirƙire-ƙirƙire, har da makamin haske mai kakkaɓo jirage, waɗanda bai taɓa nuna su suna aiki ba. Daga 1934 kamfanin Westinghouse ya riƙa ba shi dalar Amurka 125 a wata, yana kuma biyan kuɗin ɗakinsa a otal ɗin New Yorker.

A ɗaki mai lamba 3327 na wannan otal ya mutu ranar 7 ga watan Janairun 1943, yana da shekara 86. Da yake ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, hukumomin Amurka sun kwashe takardunsa, suka sa wani malamin jami'ar MIT, John G. Trump, ya duba su. Ya ba da rahoton cewa babu wani makami mai haɗari a ciki. Daga baya aka miƙa kayan ga ɗan ƴar'uwarsa Sava Kosanović, aka kai su Belgrad, inda aka kafa gidan tarihi da sunansa a 1952. Tokar gawarsa ma tana can.

A watan Yunin 1943, wata biyar bayan mutuwarsa, kotun ƙolin Amurka ta soke ɗaya daga cikin manyan takardun mallakar Marconi kan daidaita tashar rediyo, bisa hujjar cewa ayyukan Oliver Lodge, John Stone da Tesla sun riga shi. A 1960 babban taron ma'aunai na duniya ya sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu suna tesla. Kamfanin motocin lantarki da aka kafa a 2003 aron sunan kawai ya yi, babu abin da ya haɗa shi da iyalinsa.

Ya bar takardun mallakar ƙirƙira kusan 300 a ƙasashe daban-daban, fiye da 100 daga ciki a Amurka. Waɗanda ya gwada a kan teburi, ya auna, ya nuna wa takwarorinsa suka tabbatar, su ne ke juya famfo da injin niƙa har gobe. Wanda ya gina a kan yaƙini kaɗai, ya ci dukiyarsa da shekarunsa, ko tubalin hasumiyarsa bai saura a tsaye ba, sai ginin ɗakin gwajin da ke gefenta, wanda wata ƙungiya ta saya a 2013 da gudummawar jama'a don mayar da shi cibiyar koyar da kimiyya.